Rahoto Uku na Doña Eufemia

Fayil ɗaya. Takardar izinin ɗauke yaro daga gida, mai hatimi. Jarkar fetur biyu, rigunan ceto huɗu, akwatin magani, babbar leda saboda ruwan sama. Sai kular shinkafa da soyayyen kifi da Doña Eufemia ta shigo da ita ba wanda ya sa ta. Abin da muka ɗauka ke nan.

Awa biyu muna hawan kogi a ƙaramin jirgin ruwa. Baudilio matuƙi yana baya riƙe da inji, yana kauce wa kututtukan da ruwa ya kwaso. Wilfrido, masaninmu na halayyar yara, ya zauna a tsakiya ya rungume fayil ɗin a ƙirji. Doña Eufemia tana gaba, ta ba mu baya. Shekara ashirin da biyu tana zagayen gidaje a kogin nan. Ta girmi kowa a ofis.

Wata huɗu ke nan da aka ba ni ofishin kula da iyali na Puerto Candó. Kafin nan na yi shekara tara a Beljiyam, karatu da aiki. Ma'aikata biyar na tarar. A gabana Dokta suke ce mini. A bayan idona 'Yar Beljiyam. Na ji Marlenis sakatariya ta faɗa a waya.

Jiya nas ɗin ƙauyen Bocas de Tauró ta aiko da saƙo. An kawo mata Yulieth, yarinya 'yar shekara shida, da karaya a hannu. Karo na biyu cikin wata biyar. Uwar ta ce daga matakala ta faɗo. Nas ta ɗaga rigar yarinyar ta ga shatin faɗin adda a bayanta, sabo a kan tsoho. Na buɗe fayil ɗin gidan. Rahoto uku ne a ciki, dukansu da rubutun Doña Eufemia, duk magana ɗaya: gida lafiya, yarinya lafiya.

Baudilio ya kashe inji don ya sauya jarka.

"Doña Eufemia," na ce, "sau uku kika je gidan nan."

"Sau bakwai, Dokta. Uku na rubuta."

"Kin ga bayanta?"

Ba ta waiwayo ba. "Na gani."

Wilfrido ya jawo kula ya buɗe da sauri. "Dokta, ga kifi fa. Mu ci tukuna. Ni idan ana faɗa cikina ba komai, jiri nake yi, kuma ban iya iyo ba."

"Rufe kular, Wilfrido."

Ya rufe.

"Kin gani, kika rubuta lafiya. Me ya sa?"

Baudilio ne ya amsa, yana murɗa marfin jarka, ko ɗago kai bai yi ba. "Ai 'yar baftismarta ce. Ita ta riƙe ta aka zuba mata ruwa, daren da aka haife ta. Ni na kai ta. Au, ba ku gaya wa Dokta ba?"

"Baudilio, bakinka ya fi injinka gudu," in ji Wilfrido.

A mako na biyu da kama aiki na liƙa takarda a bangon ofis. Duk wanda yake da dangantaka ta jini ko ta baftisma da wani gida, ya saki fayil ɗin gidan nan take. Wanda ya ɓoye, takardar tuhuma. Kowa ya sa hannu. Haka ake yi a inda na yi aiki, kuma ban ga dalilin da zai hana a yi a nan ba. Na kuma sa zaman kowace Juma'a, na ce musu duk wanda ya yi kuskure ya faɗa, ba hukunci. Sukan zo, su sha kofi, su kalli fanka.

"Kin sa hannu a takardar," na ce.

Sai yanzu ta juyo. "Yara arba'in da ɗaya na riƙe a kogin nan, Dokta. Daga bakin gari har inda ruwa ya ƙare. In na bi takardarki, sai dai ki ba ni tsintsiya in riƙa share ofis."

Na dubi Wilfrido. "Ka sani?"

"Har karen da ke kwance a bakin ƙofa ya sani."

"Kowace Juma'a ina tambayarku."

"Kina tambaya da biro a hannu, Dokta."

Baudilio ya ja igiya, inji ya tashi. Sai da muka riƙa ɗaga murya.

"To me kika yi a zuwa bakwai ɗin?"

"Abin da komadre, uwar baftisma, take yi. Na kai uban yarinyar, Arcadio, gaban gunkin waliyyi a coci, ya durƙusa ya rantse ya bar giyar rake. Wata biyu bai taɓa ba. Na ɗauka na iya da shi." Ta goge ruwan da ya fantsamo mata a fuska. "Ba a kai kompadre, uban ɗan da ka riƙe, gaban hukuma. Ke ma kin sani. Ko sun wanke miki wannan a can?"

Ba su wanke ba. Na sani. Duk wanda ya tashi a kogin nan ya san wadda ta riƙe maka ɗa a ruwa ta wuce 'yar'uwa. Ba ka ɗaga mata murya, ba ta kai ka ƙara. Na san duk wannan ranar da nake liƙa takardar. Na ɗauka idan na rubuta doka, abin zai kauce da kansa.

Da rufin kwanon ƙauyen ya fara bayyana ta ce, "Ki bar ni in shiga gaba."

"A'a. Kin fita daga maganar gidan nan. Ki tsaya a jirgi."

"'Yar Casilda, na san ki tun kina yawo ba kamfai. Ki ji maganata."

"A jirgi, Doña Eufemia."

Gidan Arcadio shi ne na huɗu daga mashayar kogi, na katako a kan dirkoki kamar sauran. Rana ta take. Maza suna dawowa daga gonakin ayaba, kowa da addarsa a hannu. Ofishin 'yan sanda mafi kusa yana can garin da muka baro.

Arcadio yana zaune a kan matakala yana ɗinkin koma. Tasa addar tana gefen ƙafarsa. Dogo ne, idanunsa jajaye. Na gaishe shi, na faɗi sunana da ofishina. Na ciro takardar na karanta masa da ƙarfi, tun daga lambar doka har hatimi, kamar yadda aka koya mini: a karanta wa mutum a fili, a gaban shaidu.

Shaidun kuwa sun zo. Kafin in kai ƙarshe maza goma sha biyu sun kewaye mu. Sun ji kalmar duka, sun ji kalmar ɗaukewa.

"Mu gani," in ji Arcadio.

Na miƙa masa. Ya ajiye ta a kan matakala, ya ɗora addar a kai kamar mai gudun kada iska ta kwashe.

"Wannan 'yar wace ce?" ya tambayi mutanen, ba ni ba.

"'Yar Casilda mai sayar da cuku. Wadda ta tafi ƙasar Turawa."

"To ta dawo ta kwashi 'ya'yanmu ta kai musu?"

Wani ya yi dariya. Sauran ba su yi ba.

"Don Arcadio," Wilfrido ya fara da laƙabin girmamawa, "ba ɗaukewa ba ce irin ta..."

"Kai mai tabarau, da kai nake?"

Wilfrido ya koma bayana. Ina jin numfashinsa a bayan wuyana. Daga mashaya na ji Baudilio ya tada inji, ya bar shi yana gurnani a hankali. A cikin ƙofa na hango uwar, mace siririya, tsaye, hannunta a kan kan yarinya. An ɗaure hannun yarinyar da katako biyu da bandeji.

"Ba zan tafi ba sai da ita," na ce.

"To za ki daɗe." Ya sa tafin hannunsa a kan ƙotar addar. Bai ɗaga ba. Ajiye hannun kawai ya yi.

Shekara tara ba ta ba ni jimla ta gaba ba.

Mutanen suka dare a bayana. Doña Eufemia ce ta taho da silifas ɗinta na roba, ta cire katin ofis daga wuyanta ta cusa a aljihu. Ta wuce ni ko kallo babu.

"Kompadre."

Arcadio ya janye hannu daga addar. Ya miƙe, ya cire hula.

"Komadre. Ban san kina jirgin ba."

"Ina ciki. Yulieth, ba gaisuwa?"

Yarinyar ta fito, ta sauko matakala biyu, ta sunkuyar da kai. "A sa mini albarka, uwata."

"Allah ya yi miki albarka." Ta ɗora mata hannu a ka, ba ta ɗauke ba. "Kompadre, na zo ɗaukar 'yata."

"Ofis ne ya aiko ki?"

"Ofis ne ya riƙe ta a ruwa?"

"Komadre, maganar nan ta cikin gida ce."

"Da ta cikin gida ce. Ka durƙusa a coci ka rantse a gabana. Don Eleuterio, kana wurin, ko ƙarya nake?"

Wani tsoho a cikin mazan ya dubi ƙasa. "Ina wurin."

"Sau uku na rubuta ƙarya a takardar gwamnati saboda kai. Yau za su kore ni a kanta, kuma daidai ne. Juya, 'yata." Ta ɗaga rigar yarinyar a gaban kowa.

Ɗaya daga cikin mazan ya tofar da yawu ya juya ya tafi. Wani ya bi shi.

Arcadio ya murɗa hular a hannunsa. Da ni ce na ɗaga rigar nan, ban san inda addar za ta kwana ba. Amma ita ba zai iya ko ɗaga mata murya ba, ba a gaban mutane ba.

"A gidanki za ta zauna?" ya ce. "Ba a hannun baƙi ba?"

"A gidana."

"Maganar komadre?"

"Maganar komadre."

Ya juyo gare ni. "Dokta ta ji?"

"Na ji," na ce. Iyakar abin da na ce ke nan.

Matar ta shige ɗaki ta fito da ƙullin kaya a leda. Ba ta yi minti ɗaya ba. Tun kafin mu zo ta ɗaure shi. Ta miƙa wa Doña Eufemia, ta sumbaci yarinyar a goshi, ta koma ciki. Na zare takardata daga ƙarƙashin addar. Na cusa ta a aljihu.

Gangarowa ta fi sauri. Wilfrido ya sa wa Yulieth rigar ceto da ta kai mata gwiwa, ya ba ta kifi yana cire mata ƙaya. Ta ci, ta yi barci a cinyar Doña Eufemia.

"Akwai uwar riƙo mai rajista da ke jira a gari," na ce a hankali. "Tun jiya na kira ta."

"Na ba da maganata."

"Ba ki da ikon ba da ita."

"Ke kina da abin da za ki ba shi ne?"

Na dubi yarinyar da ke barci.

"Ki kore ni, Dokta, ban ce kada ki yi ba. Amma in yarinyar nan ta kwana a wani gida, gobe labari ya kai ƙarshen kogi cewa an yi amfani da bakin komadre an yaudari mutum. Daga ranar ba ƙofar da za a ƙara buɗe wa ofishinki. Akwai yara a bayan waɗannan ƙofofin."

"Kina so in miƙa ta ga wadda ta ga bayanta ta rubuta lafiya."

"Haka ne."

Baudilio ya ce, "Ku riƙe, ga igiyar ruwa," muka riƙe.

Asibiti muka fara zuwa. Likita ya ɗauki hoto ya kira ni ni kaɗai. Sabuwar karayar za ta warke. Tsohuwar ta haɗe a karkace, don ba a kawo ta asibiti ba. Ya nuna mini haƙarƙari biyu da su ma suka taɓa tsagewa. Ya tambaye ni ko ofishinmu bai san da gidan ba. Na ce ya sani. Ya ce za a sa mata filasta, mu dawo mu ɗauke ta ƙarfe shida. Wato ina da awa biyu in san inda za ta kwana.

Doka ta yarda a ajiye yaro a hannun wanda ya saba da shi kafin alƙali ya zauna, muddin shugaban ofis ya sa hannu. In wani abu ya same shi, shugaban ne zai amsa. Na bi titi a ƙasa har ofis ina juya wannan.

Duk suna nan, ba wanda ya tashi ko da yake lokaci ya wuce. Marlenis tana kan teburinta tana buga abin da ba na jin akwai shi. Yamile da Heriberto, sauran ma'aikatan zagaye biyu, suna tsaye jikin taga. Doña Eufemia ta riga ni isowa. Katinta yana kan teburina.

"Ga shi, kafin ki tambaya."

"Ban tambaya ba. Ku shigo duka."

Suka shigo ɗakina suka jeru jikin bango kamar masu jiran allura.

"Doña Eufemia, ranar Asabar ce kasuwa. Arcadio zai sauko da ayaba. A ce ya sha, ya zo ƙofarki, ya cire hula, ya ce komadre, ba ni 'yata. Me za ki yi?"

"Ba za ta ba shi ba," in ji Yamile da sauri.

"Ba ke na tambaya ba."

Doña Eufemia ta dubi hannayenta. Fanka tana juyawa. Heriberto ya yi gyaran murya ya fasa.

"Ban sani ba," ta ce. "Jiya da kin tambaye ni sai in ce ba zan ba shi ba. Na kuma taɓa cewa ya daina sha. Ban sani ba, Dokta."

Wata huɗu ina ofishin nan. Wannan ce amsa ta farko da aka ba ni wadda ba a auna ta da fuskata ba.

"Wa kuma yake riƙe da fayil ɗin kompadrensa?"

Marlenis ta dubi Yamile. Yamile ta dubi silin.

"Biyu," in ji Yamile.

"Biyar," in ji Heriberto. "Shida, in aka haɗa da na matata."

"Ni ko kaza ba a taɓa ba ni na riƙe ba," in ji Wilfrido. "Sun ce hannuna rawa yake."

Ba wanda ya yi dariya, amma kafaɗu sun ɗan sauka.

"A cikin takwas ɗin akwai wanda aka rubuta lafiya alhali ba lafiya ba?"

Heriberto ya shafa ƙeya. "Akwai ɗaya da zan so wani ya raka ni."

"Da safe za mu je tare."

"Dokta," Marlenis ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "gidan Doña Eufemia katanga ɗaya ne da namu. Mijina yana gida duk Asabar. Shi ba kompadren Arcadio ba ne, kuma ya fi shi ƙiba."

"Na ji."

"Ita fa shekara biyu ya rage mata ta yi ritaya. In rahoton nan ya je hedikwata..."

"Zai je."

"Haba, Dokta!"

"Haƙarƙari biyu, Marlenis. Da hannun da ba zai ƙara miƙewa daidai ba. Zai je."

A zaure akwai wasu mata biyu da suka zo tun rana neman takarda, sun miƙo wuya suna saurare. Na tashi na tura ƙofar har ta kama.

"Yulieth za ta zauna a gidan Doña Eufemia har alƙali ya yanke, ni zan sa hannu. Fayil ɗin ya koma wurin Wilfrido, kullum zai je ya gan ta. Ƙarar Arcadio ni zan shigar da sunana, in ya zo ƙofarki, Doña Eufemia, ki ce ni na hana, ni ban riƙe ɗan kowa ba a kogin nan. Daga yau ba mai sakin gidan kompadrensa, amma ba mai shigarsa shi kaɗai, kuma abokin tafiyar ne zai rubuta. Rahoton ƙarya uku za su tafi hedikwata gobe, tare da bayanina cewa dokar da na kafa ce ta sa aka ɓoye mini. In za su hukunta, mu biyu ne. Ɗauki katinki, Doña Eufemia. Ƙarfe shida za ki ɗauko ta."